Gidan Hutu a Karkara da Tambayar Natsuwa

Gidan hutu na karkara, wanda mutanen Italiya suka gada daga Rumawan dā da sunan *villa*, gida ne da mazaunin birni yake ginawa ko yake kamawa haya a cikin gonaki don ya riƙa ficewa daga hayaniya na ɗan lokaci. A yankunan Tuskani da Umbiriya na tsakiyar ƙasar kamanninsa kusan ɗaya ne har yau: ginin dutse a kan tudu, itatuwan zaitun da kurangar inabi a gangare, da rumfa a waje inda ake cin abinci. Abin da ake yi wa baƙo alkawari shi ne rayuwa a sannu, ya tashi ba da ƙararrawa ba, ya ci abin da gona ta bayar a lokacinsa, ya taka da ƙafa, ya kwanta da wuri. Manomi yana zaune a karkara ne domin nan abincinsa yake. Mai gidan hutu kuwa abincinsa yana birni, wani abu daban ya zo nema. Wannan ne ya sa masana falsafa da malaman addini suka fi shekara dubu biyu suna muhawara a kan gidan: shin sauya wuri yana kwantar da zuciya, kuma shin ya dace mutum ya janye daga jama'a don neman wannan kwanciyar?

Da farko kalmar ba ta da alaƙa da hutu. *Villa* gidan gona ne kawai, inda ake ajiye bayi da shanun huɗa da randunan mai. Kato Babba, wanda ya rubuta littafinsa na noma wajen shekara ta 160 kafin Miladiyya, riba kaɗai ya gani a ciki. Ya lissafa cewa gonar zaitun mai faɗin kusan hekta 60 tana buƙatar mutum 13, ya kuma shawarci mai gona ya sayar da bawan da ya tsufa ko ya kamu da ciwo, kamar yadda zai rabu da tsohon bijimi. Sai da ganimar yaƙe-yaƙe ta kwararo birnin Rum sannan manya suka fara ƙara wa gidan gona ɗakunan karatu da wuraren wanka da lambuna. A ƙarni na 1 na Miladiyya wani marubucin noma, Kolumela, ya raba gidan kashi uku: sashen ma'aikata da dabbobi, sashen rumbuna da matsar mai, da sashen maigida, wanda ya kira sashen birni ko da yake a tsakiyar ƙauye yake. Sunan ya tona asirin abin, domin birni aka ɗauko aka dasa a gona.

Rumawa suna da kalma ga abin da ake zuwa nema a can, *otium*, wato lokacin da mutum yake mallakar kansa. Kasuwanci da shari'a da siyasa kuma suna kiransu *negotium*, ma'ana rashin *otium*. Yadda za a yi da wannan lokacin ne ya raba mazhabobin falsafa biyu da suka gado daga Girka. Afikuras, wanda ya sayi lambu a gefen birnin Atina wajen shekara ta 306 kafin Miladiyya ya zauna a ciki da almajiransa, har da mata da bayi, ya koyar da cewa jin daɗi na gaskiya shi ne jiki ba ciwo, rai ba fargaba. Abinci kaɗan da abokai nagari sun isa, siyasa kuma a guje ta. 'Yan Sitowa, mabiya Zeno, sun ce an halicci mutum ne don zama da mutane, saboda haka mai hikima zai shiga hidimar jama'a sai in wani abu ya hana shi. Cewa attajiran Rum sun ɗauki zancen da muhimmanci, akwai shaida a ƙasa. A wani katafaren gida na bakin teku a Harkulaniyum, wanda aman dutsen Besubiyus ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, an tono naɗaɗɗun littattafai kusan 1,800 da suka zama gawayi, kuma mafi yawan waɗanda aka iya karantawa na Filodemus ne, wani malamin mazhabar Afikuras.

Sisaro, babban lauya kuma ɗan siyasa, yana da gidajen karkara da dama, amma na Tuskulum, a tuddan kudu maso gabashin Rum, ya fi shiga ransa. A shekara ta 45 kafin Miladiyya abu biyu suka haɗu masa. Yuliyas Kaisar ya riƙe mulki shi kaɗai, majalisar da Sisaro ya yi suna a cikinta ta zama hoto, sannan 'yarsa Tuliya ta rasu bayan haihuwa. A shekarar ya rubuta tattaunawar da ke ɗauke da sunan Tuskulum, mai kashi biyar, a kan tsoron mutuwa, jure ciwo, baƙin ciki, sauran damuwar rai, da ko nagarta kaɗai ta isa ta faranta wa mutum. Hutun nasa na dole ne. Ana kashe Kaisar ya koma fagen siyasa da ƙarfinsa, kuma a Disamba ta shekara ta 43 kafin Miladiyya sojoji suka cim masa kusa da wani gidan nasa a Formiya suka kashe shi.

Mawaƙi Horas ne ya ba mafarkin siffar da aka san shi da ita har yau. Ubangidansa Mesenas ya ba shi kyautar gona a tuddan Sabina, shi kuma ya yi ta yabon ƙaramin wuri da ruwan marmaro da abinci maras ƙawa. Ƙaramin wurin nan, bisa ga abin da shi kansa ya faɗa, bayi takwas ne ke aiki a ciki, ban da gidaje biyar na manoma 'yan haya. Amma Horas ba ya yaudarar kansa. A wata waƙa ya sa wani mutum ya yi ta zuba yabon zaman ƙauye, sai a ƙarshe aka gano mai ba da bashi da ruwa ne, wanda ya tattaro kuɗinsa da niyyar komawa gona, kafin wata ya kama ya sake bayar da su bashi. A wata wasiƙa kuma ya yi magana da bawan da ke kula masa da gonar, wanda shi kuwa birni yake bege, da shagunan shaye-shaye da ƙamshin soye-soye. Gona ɗaya ce, maigida yana ganin aljanna, wakilinsa yana ganin kurkuku.

Filini Ƙarami, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 1 da farkon na 2, ya bar bayanin yadda yininsa ke tafiya a gidansa na Tuskani. Yakan farka wajen fitowar rana, ya bar tagogi a rufe yana tsara rubutu a kansa cikin duhu, sannan ya kira magatakarda ya yi masa shifta. Daga nan sai tattaki, da ɗan yawo a keken doki, da gajeren barci, da karatu da ƙarfi, da motsa jiki, da wanka, da abincin dare ana karanta masa littafi. Duk wanda ya dubi jadawalin zai ga ba zaman kashe wando ba ne. Game da ɗayan gidan nasa na bakin teku, mai nisan mil 17 na Rumawa daga birni, ya yi alfahari da wani ɗaki da ya keɓe inda hayaniyar bayinsa ba ta isowa ko a ranakun biki.

Saneka, malamin Sarki Nero kuma ɗan Sitowa, shi ya fi kowa tsananta suka, ko da yake shi ma yana cikin manyan attajiran zamaninsa kuma gonakinsa ba kaɗan ba ne. A wasiƙunsa ga abokinsa Lusiliyus, waɗanda ya rubuta bayan ya janye daga fada a shekara ta 62, ya nace cewa tafiya ba ta warkar da damuwa, domin mai damuwar yana tafe da kansa. Ya kawo labarin Batiya, wani mai kuɗi da ya tsira daga makircin fada zamanin Sarki Tiberiyas ta hanyar lafewa a gidansa na bakin teku, mutane suna yi masa kallon wanda ya gane duniya. A ganin Saneka ɓuya mutumin ya iya, kuma hutun da babu neman sani a cikinsa kabari ne da aka shiga da rai. Sarki Markus Aureliyus, wanda ya yi mulki daga 161 zuwa 180, ya rubuta wa kansa irin wannan gargaɗi: mutane suna neman mafaka a ƙauye da bakin teku da kan duwatsu, alhali mutum yana iya komawa cikin kansa a duk sa'ar da ya so. Sai dai akwai wata wasiƙa ta Saneka da ke rage kaifin hujjar. Saneka ya bayyana yadda ya taɓa zama a saman gidan wanka na haya, yana jin nishin masu ɗaga ƙarfe da kiran masu talla, ya ce duk wannan bai dami mai natsattsiyar zuciya ba. A ƙarshen wasiƙar kuma ya ce zai tashi daga gidan. Gwada kansa ya yi, ya ga babu dalilin ci gaba da azabtar da kai.

Da Kiristanci ya shigo, manufar janyewar ta sauya, gidan bai sauya ba. A kaka ta shekara ta 386 Agustin, ɗan asalin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya ajiye aikinsa na koyar da balaga a Milan ya tafi gidan karkara na wani abokinsa, Berekundus, a Kasisiyakum. Tare da shi akwai mahaifiyarsa Monika da ɗansa da wasu abokai da almajirai. Sun yi watanni suna muhawara a kan gaskiya da farin ciki da tsarin halitta, a kan tsarin da Sisaro ya bari, amma Allah ne abin nema. An yi masa baftisma a 387, ya koma Afirka da niyyar zaman ibada da nazari, a 391 jama'ar Hippo suka matsa masa ya zama limaminsu, daga baya bishop. Matsayar da ya cim ma a ƙarshen rayuwarsa ita ce kada hutu ya mantar da mutum haƙƙin maƙwabci, kada kuma hidima ta mantar da shi tunanin Ubangiji. A ƙarni na 6 Benedik ya kafa zaman sufaye a Subiyako, daf da kangon wani gidan shaƙatawa na Nero, kuma ƙa'idarsa ta wajabta aikin hannu a wasu sa'o'i na kowace rana, ta ɗauki zaman banza abokin gabar rai. A nan ne mai tunani da mai noma suka zama mutum ɗaya, ko da yake daga baya gidajen sufaye da yawa su ma sun zama masu gandaye da wasu ke nome musu.

Musulmi sun san irin wannan gida. A Andalus ana kiransa *munya*. Abdurrahman na Ɗaya ya gina ta Rusafa a wajen Ƙurɗuba, sarakunan Garnaɗa kuma suka yi Jannatul Arif a tudun da ke fuskantar fadar Alhamra. Amma muhawarar malamai ba a kan lambu ta tsaya ba, a kan uzula ce, wato keɓewa daga mutane, da halwa, kalmar da Hausa ta ara da ma'anarta. Masu goyon baya suna kafa hujja da keɓewar Annabi (SAW) a kogon Hira kafin wahayi, da hadisin da ke nuna cewa a zamanin fitina mutum zai iya gudu da addininsa zuwa kan duwatsu tare da 'yan tumakinsa, da kuma yadda Alƙur'ani yake yawan kira a yi tunani a kan dare da rana da ruwan sama da tsirrai. Ɗaya ɓangaren yana da hadisin da ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya cuɗanya, ga sallar jam'i da ta Juma'a da zumunci, waɗanda ba sa yiwuwa ga wanda ya yanke. Abin lura ne cewa keɓewar da shari'a ta tsara, i'itikafi, a masallaci ake yin ta, a tsakiyar jama'a, kuma tana da ranar fita.

Imam Gazali ya san al'amarin a jikinsa. A 1095 ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya yi shekaru wajen goma sha ɗaya tsakanin Dimashƙa da Ƙudus da Makka da garinsu Ɗus, sannan ya koma koyarwa a Naisabur a 1106. A cikin littafinsa Ihya'u, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa, ya ware babi ga ladubban uzula. Ya ƙirga fa'idodi shida na keɓewa, ciki har da samun sararin ibada da tunani, da tsira daga giba da riya da husuma, da yanke kwaɗayi tsakanin mutum da mutane. Ya kuma ƙirga bakwai na cuɗanya, ciki har da koyo da koyarwa, da amfanar da wasu, da horon rai ta hanyar jure halin mutane, da gogewa. Bai yanke hukunci ɗaya ga kowa ba. Ya ce a dubi mutumin da abokan zamansa da dalilin janyewarsa. Jahilin da ya keɓe kafin ya yi karatu ya yi asara, haka wanda girman kai ya zaunar a gida yana kiran abin tsoron Allah. Ibn Haldun kuwa ya yi kusan shekara huɗu daga 1375 a Ƙal'at Ibn Salama, wata ganuwa a karkarar yammacin Aljeriya, nesa da rigingimun fadoji, a can ya rubuta Muƙaddima. Abin da ya fitar da shi daga wurin buƙatar littattafai ce, sai ya nufi Tunis. Akwai hadisin da ya ambaci lafiya da sararin lokaci a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa suke tafka asara a kansu, kuma wannan ya yi kusa ƙwarai da abin da Saneka yake nufi.

A Italiya gidan ya farfaɗo tun daga ƙarni na 14. Bokaciyo ya ɗora littafinsa na labarai ɗari a kan matasa goma da suka tsere daga annobar 1348 a Fulorans zuwa wani gidan karkara. Iyalan Medici sun gina irinsa da dama a kewayen birnin. Magini Faladiyo, wanda ya wallafa littafinsa na gine-gine a 1570, ya tsara wa attajiran Benis gidaje masu haɗe da rumbuna da turakun dabbobi, lokacin da suke karkatar da jari daga fataucin teku zuwa noma. Kafin 1761 tafiya hutu ƙauye ta zama gasa, har marubucin wasan kwaikwayo Goldoni ya yi wasanni uku yana ba'a ga masu cin bashi don kada a ce ba su je ba.

Gidajen da ake haya a yau suna da wani tarihin na kusa. Ƙarnuka da dama manoman tsakiyar Italiya suna noma gonar mai ƙasa ana raba amfani biyu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka yi ta kwarara zuwa masana'antun birane, a 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan, gidajen dutse suka zama kufai. Baƙi, musamman daga Ingila da Jamus, suka saya suka gyara. A 1985 ƙasar ta yi dokar da ta ba manomi damar saukar da baƙi a gonarsa, kuma irin waɗannan gonaki sun haura 25,000 a 'yan shekarun nan. Kalmar sannu kuwa ta samu ƙungiya a 1986, lokacin da buɗe shagon McDonald's a tsakiyar Rum ya fusata Karlo Petrini da abokansa daga garin Bra. Suka kafa ƙungiyar cin abinci a sannu, mai alamar dodon koɗi, wadda aka rattaba hannu a kan manufofinta a Paris a 1989. A 1999 aka faɗaɗa tunanin zuwa ƙungiyar garuruwa masu tafiya a sannu, wadda ke karɓar garuruwan da mazaunansu ba su kai 50,000 ba.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sun kuma ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, don haka darajar natsuwa ba baƙon zance ba ne. Abin da ke buƙatar tantancewa shi ne wane ne ke tafiya a sannu a karkara. Itacen zaitun yakan yi shekaru kafin ya ba da 'ya'ya, wannan gaskiya ne, amma manomin da hadari ya haɗo wa alhali amfaninsa yana shanye a fili bai san wata rayuwa a sannu ba. Jinkirin halitta na mai kallo ne. Shi ya sa tun daga bayin Horas har zuwa masu gyaran ɗaki na yau, hutun wani yana tsaye a kan hanzarin wani, kuma wanda bai san da haka ba tunaninsa a kan halitta bai cika ba.

Game da tambayar farko, shaidar da ke cikin tarihin ba ta ba 'yan Sitowa gaskiya duka ba. Wuri yana da abin da yake yi. Yana ɗauke masu sallama da masu neman alfarma, yana ba tunani dogon lokaci ba tare da an katse shi ba, kuma Sisaro da Agustin da Ibn Haldun duk sun rubuta a karkara abin da birni ya hana su rubutawa. Amma kowannensu da tambayarsa ya tafi, kuma kowannensu ya dawo cikin mutane. Batiya, wanda ya tafi da tsoro kaɗai, sunansa ya rage ne domin wani ya yi misali da shi. Mako guda da ake sayarwa yau yana iya huce gajiya, kuma hucewar gajiya ba abin rainawa ba ce, sai dai ba ita ce natsuwar da Gazali ko Saneka suke magana a kai ba, wadda ake ginawa da horon shekaru.

Dokar Italiya ta saukar da baƙi a gona, wadda aka sabunta a 2006, ta gindaya sharaɗin cewa aikin gona ne zai ci gaba da zama babban aikin wurin, saukar baƙi kuma ya biyo baya. A Tuskani ana yankan inabi a watan Satumba, ana kaɗe zaitun daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da yawancin baƙi sun riga sun koma birni, kuma da yawa daga masu wannan aikin 'yan ci-rani ne daga wasu ƙasashe.